Ka Koma Ka Ɗauko Baba Alhassan

Zuwa ga Malam Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Turai? A zauren intanet na masu bin labarinmu na saka wasiƙar nan, tunda a nan ka yi ɓarnar, kuma ka ƙi ɗaga wayata.

Bari in tuna maka, don na ga alamar digirin da ka tafi nema ya cinye maka tunani. Lokacin kullen korona muka fara labarin nan a Doha, kai ɗalibin tarihi, ni ma'aikacin otal ɗin Lusail da aka ce ya zauna a gida. Zaman ya ishe mu, sai ka ce mu ɗauki jirgin ƙasan tashar Mushairib cike da mutanen gidanmu, ya shiga rami, ya ɓullo a ƙasar Jamus shekara ɗari huɗu baya, tsakiyar yaƙin da Turawa suka shekara talatin suna gwabzawa. Kai ka san igwa da sulke da yadda ake ɗura wa bindiga albarushi. Ni na san mutane. Kai ka rubuta, ni in karanta da murya in tura.

Ka tuna Baba Alhassan? Dole in tambaya. Dattijon Zangon Kumasi, ɗan dako a kasuwar Souq Waqif, wanda ke aje mana shinkafa da wake a bakin ƙofa don ya ce 'yan boko ba su iya ciyar da kansu ba. Da ka tambaye shi muƙamin da yake so a rundunar da muka kafa cikin labarin, ya ce shi dai a bar masa baronsa. Da baron nan ya riƙa kai albarushi kan ganuwa har muka hana dakarun sarki cin garin da littattafanka suka ce an ƙone ƙurmus. Duk inda wuta ta yi zafi sai a ji shi: "Yalla, ku ja gefe, kaya ya zo!"

Sannan, a zahiri, korona ta kama shi. Aka tafi da shi, ba mu ƙara ganinsa ba. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu tsaya sahu ba, saƙo kawai muka samu a waya. Ranar kai da bakinka ka ce a labarinmu Baba ba zai mutu ba. Ba ni na roƙe ka ba.

Ka kuma san wadda ke saurare. Mma Hajara, matar Baba, ta gama takaba a Kumasi ba ta ga ko likkafanin mijinta ba. Ba ta karatu, muryata take jira duk Juma'a. Ko lokacin gasar kofin duniya, da nake wuni a tsaye ina ɗaukar jakunkunan baƙi har ƙafata ta kumbura, ban taɓa fashin tura mata ba. Takan yi dariya ta ce mutumin nan ko a garin Turawa bai bar rigima ba.

Sai ga shi makon jiya, daga ɗakinka mai ɗumi, ka saki babi ba shawara, ka karanta da muryarka. Harsashin igwa ya sami Baba a bakin gada. Layi biyu! Runduna ta ja da baya ta bar shi cikin taɓo, ka wuce kana bayanin yadda mahaya suka jeru. Dokin kwamandan rundunar ma ya fi shi samun layuka.

Da mutane suka yi maka ca, ka ce wai yaƙin da ba a mutuwa ba yaƙi ba ne, dole a girmama tarihi. Wane tarihi, Nura? Mutumin da ya saka jirgin Mushairib a gonar Bajamushe ne yau yake mana wa'azin gaskiya? Wallahi raina ya ɓaci. Mutuwa ba baƙuwarmu ba ce da za ka koya mana ita. Wuri ɗaya tak muka gina inda ba ta da iko, kai kuma ka buɗe mata ƙofa don baƙin masu karatu su yaba maka.

Na yi niyyar in ce ka dawo da shi. Masu tafiya cikin zamani ne mu, me zai gagara? Har na tsara yadda za a yi. Sai Mma Hajara ta kira ni. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta zage mu, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Amma sai ta ce: "Sadisu, wannan karo an yi mishi salla?"

Tana kashe wayar na zauna rubuta maka wasiƙar nan.

Don haka ba na neman ka tashe shi. Ka kashe shi, ya mutu. Amma ka juya rundunar nan ta koma bakin gada, ko igwa nawa ke jiran ta. A ɗauko shi a baronsa. Ni da kai za mu yi masa wanka, a yanka farin ƙyalle ko daga tutar sarkin ne, kowa na cikin jirgin nan ya tsaya sahu. Ka rubuta shi a hankali, kada ka yi rowar layi, ni zan karanta.

Nura, ɗan'uwana, na san kai ma ba ka warke ba. Na tuna yadda ka wanke kwanon shinkafarsa ka aje a kan firij, ka hana kowa taɓawa. Wataƙila ɗaukarsa duk mako ne ya yi maka nauyi. Da ka faɗa min, da mun sauke shi tare.

Allah ya jiƙan Baba Alhassan, ya haskaka kabarinsa da ba mu taɓa gani ba. Allah ya ba Mma Hajara haƙuri, ya sa zuciyata ta huce a kanka, don har yanzu ba ta huce ba.

Ranar Juma'a za ta kunna wayarta. Na riga na ce mata ta yi alwala, ta bi sallar tare da mu.

Naka, duk da haka,
Sadisu