Jirginka Ya Iso Gwiwa

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana kwance cikin rahamarsa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Babu direban da zan ba ta, babu gidan wayar da ya san inda kake. Amma kai ka koya mini bokon nan da tsinke a ƙasan tsakar gida, saboda haka sai ka yi haƙuri na sauke shi a kanka.

Saura kwana tara na fita takaba. Gida lafiya. Akuyarka ta haifi biyu, dukansu masu taurin kai irin nata. Binta ta zo daga Babura ta yi mini mako guda, ta ce ranar da na fita ita da mijinta za su zo da mota su kwashe ni, 'yarka ba ta yarda na zauna ni kaɗai ba. Ko ta yarda ma babu wurin zaman. Masu hanya sun zo da awo, sun shafa jan fenti a bangon zaure da na ɗakin jirginka. Wai arzikin mai ya zo, za a faɗaɗa titi. Shekara goma sha biyar kana jiran a kawo wa Kazaure layin dogo, ga shi kwalta aka kawo, kuma ta tsakiyar tasharka za ta bi. Da kana nan me za ka ce?

Ina yawan tuna ranar da ka shigo da akwatin nan. Shekarar mulkin kai ce, muna Kano, kana aikin reluwe. Baturen da kuke aiki da shi zai koma gida yana rabon kaya. Wani ya samu keke, wani ya samu akwatin rediyo, kai kuwa ka shigo kana murmushi da kwali a hammata. Na buɗe, sai ga ɗan jirgin ƙasa, kai ɗaya da tarago uku, da guntayen layin ƙarfe, da ɗan makullin da ake yi masa wani kamar agogo. Na tambaye ka ko keken ne ya ƙare. Ka ce a'a, zaɓa ka yi. Kwana biyu ina shan kunu, kai ko a jikinka.

Da ka bar aiki muka dawo Kazaure, ka gina dakali a ɗakin kusa da zaure, faɗin tabarma biyu, tsayinsa iya ƙugu. A kansa ka ce za ka shimfiɗa ƙasarmu, jirgi ya tashi daga Kazaure ya bi Roni da Gwiwa da Babura ya dawo gida. Har yanzu idan na shiga ɗakin ina ganin bayanka a sunkuye. Duwatsun Kazaure da ƙasar suri ka gina su a kan tsohon buhu, ka bi su da tsakuwar da ka tsinto daga gindin dutsen na gaske. Ciyawa garin katako ce daga shagon abokinka Sande kafinta, ka kai marina a tsoma a baba, ka dawo ka jiƙa da gangamau har ta koma koriya. Ka jiƙa ƙaro ya yi danƙo, ka shafa da gashin kaza, ka barbaɗa garin da rariyata. Rariyata ta tuwo, Malam. Sau nawa muka ci tuwo mai ratsin kore a gidan nan?

Itatuwa kuma saiwar tafasa ce busasshiya, ka juya ƙasanta ya koma sama, ka liƙa mata yagaggen soso. Rumbunan Roni ƙwallon aduwa ne da jinkar gashin masara. Shanun Babura yumɓu ne da ƙahon farar ƙaya, suna tsaye a kan farin yashin da ka sa surukinka ya ɗebo maka daga can. Tafki madubina ne da ya fashe, kuma har yau ban yarda da kansa ya faɗo ba. Dalar gyaɗar da ka tara a tasha da ƙwayar alkama, sau uku ɓeraye suna kwashe ta a madadin 'yan kamasho. Dokarka ɗaya ce: mutum rabin tsinken ashana ne, da shi ake auna ƙofa da saniya da itace. Abin da ya saɓa wa tsinken nan, ko ka yi mako kana yinsa, rushe shi kake yi.

Kusurwa ɗaya ce ka bari fayau, tsakanin Roni da Babura. Gwiwa, garinmu. Guntayen layi huɗu na wajen ka naɗe su a tsumma ka ajiye. Idan jirgi ya iso Roni sai ka ɗauke shi da hannu, ka tsallakar da shi ka dire a Babura. Ka ce ba za ka shigar da jirgi garin da ba ka san fuskarsa ba.

Na ɗauka wasa kake yi, tunda ai ka je Gwiwa. Sai ka ba ni labari. Zuwa biyu ka yi, na neman aure da na gaisuwar surukai, kuma duka biyun tun daga bakin gari ka sunkuyar da kai don kunya, ba ka ɗago ba sai da ka fito. Ka ce abin da ka sani a Gwiwa shi ne launin ƙasarta da ƙafafun babana. Bayan iyayena sun rasu ba mu sake komawa tare ba. Sai ka roƙe ni na zauna na faɗa maka inda rijiya take, da inda ƙofar gidanmu ke kallo, kai kuma ka gina.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka yi rashin sa'ar lokaci a roƙon farko. Mata ne cike da tsakar gida sun zo barkar haihuwar da Binta ta yi, kuma da ma a gari matar mai wasan yara suke ce mini, su faɗa a bayana, su faɗa a gabana suna dariya. Ka aiko a kira ni bakin ƙofa, ka yi maganar a hankali, amma sun ji. Na ɗaga murya na ce ba ni da lokacin wasan ƙasa. Suka tafa. Kai ka ce to, ka koma. Daga ranar nan na kasa sauka daga kan maganata. Duk shekara idan damina ta wuce sai ka sake tambaya, ni kuma na yi kunnen uwar shegu. Ba ƙin ka nake yi ba. Girman kai ne kawai, na riƙe shi har na manta dalilinsa.

Tambayar ƙarshe, kwana uku kafin ka tafi, bayan la'asar ce, ina riƙe maka kofi. Ka ce rijiyar nan gabas take da gidan ko yamma. Na ce ka sha kununka kada ya huce. Ka sha. Kalma ɗaya ce, Malam. Gabas. Me zai rage ni da na faɗa? Wannan ita ce ke cin raina, ta fi mini rashinka ciwo a wasu ranakun.

Akwai kuma wanda ban taɓa gaya maka ba. Duk Juma'a idan ka tafi masallaci, ina shiga ɗakin. Na durƙusa na sa idona daidai da layi yadda nake ganin kana yi. Daga nan ƙasa komai girma yake yi. Hasken taga ya sauka a kan duwatsu, inuwarsu ta kwanta a gonakin Roni, sai na ji kamar iska na kaɗa ni, kamar ina jiyo guga na bugun bakin rijiya can nesa. Na yi wa jirgi wani, na bi shi da ido har ya tsaya a bakin filin nan fayau. Kafin a sauko na mayar da komai na share sawuna. Amma makullin da kake yawo da shi a aljihu duk mako, me ya sa ranar Juma'a kaɗai kake manta shi a kan taga? Ka sani, ko? Ka sani ka yi shiru?

To, na gina Gwiwa. Takaba ta zaunar da ni, ba kasuwa ba biki, sai ni da dakalinka. Da ƙanwata Ladidi ta zo sadakar arba'in na ce idan za ta dawo ta ɗebo mini ƙasar ƙofar gidanmu cikin kwanon sha. Ta riƙe baki, ta ce wane malamin ne ya ce a kawo, kuma wa za a yi wa. Na ce jirgi. Ta fashe da kuka, wai rasuwarka ta taɓa mini kai. Duk da haka ta kawo, ta haɗo da rubutun sha a kwalba, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Ƙasar kamar yadda ka faɗa take, ja-ja mai ɗan duhu. Ashe da gaske ka kalle ta. Na tankaɗe, na jiƙa ƙaro, na fara. Da farko na tsorata, don na rufe ido na nemi garin na rasa. Sai da hannuna ya shiga laka abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na gina zauren babana, sai na tuna akwai turken jaki a hagunsa. Na kafa turken, sai maƙerar maƙwabcinmu ta fito, har da ƙarar uwar maƙera da ke tashinmu. Na jera tsakuwa uku a madafin innata, ƙanana kamar ƙwayar dawa, na daɗe ina kallonsu ina jiran hayaƙi. Rijiya na yi ta da murfin kwalbar turarenka, na sa ta gabas. Wuni nake yi a ciki, har maƙwabta su yi ta sallama ban ji ba.

Sai tsamiyar ƙofar gidanmu. Na sa an haƙo mini saiwa mafi girma a bayan gida, na rina soso, na yi kwana shida ina liƙa ganye. Da na gama na aika a kira Sande ya haɗa layin nan huɗu, don ƙarfe ba aikina ba ne. Ya tsufa shi ma, yana jan ƙafa. Ya shiga ɗakin, ni ina tsaye a bayan asabari. Sai na ji yana jan hanci. Can ya yi gyaran murya ya kira ni Mama, yadda ya saba, ya ce aiki ya yi kyau, amma ya auna da tsinken Oga, tsamiyar nan ta fi dutsen Kazaure tsawo, kuma rassanta za su kama bututun jirgi. Wai da kana nan da tuni ka rushe ta.

Na ce ya rage rassan ƙasa jirgi ya samu hanya, amma kada ya taɓa tsayinta. Ya ce babu tsamiya irin wannan a duniya. Na ce akwai, a ƙarƙashinta na girma. Ina 'yar shekara shida nake kwanciya a gindinta na kalli sama, ban taɓa ganin ƙarshenta ba. Kai da tsinke ka auna garuruwanka, ni da idon da na san nawa na auna. Ka yafe mini wannan ma, na karya maka doka a cikin ɗakinka.

Jiya da hantsi na yi wa jirgi wani har makulli ya ƙi juyawa. Ya tashi daga Kazaure, ya zaga bayan dutse, ya wuce rumbunan Roni. Hannuna ya miƙa da kansa zai ɗauke shi, na janye. Ya hau sabon layi yana ƙas-ƙas, ya shiga inuwar tsamiya, ya wuce ƙofar gidanmu da rijiya, ya fita Babura, ya dawo gida ba wanda ya taɓa shi. Sau huɗu ya zaga. A na biyar ƙarfinsa ya ƙare, ya tsaya a Gwiwa. Ba zan ce maka wani abu ba ne, inda wanin da na yi masa ya ƙare ke nan. Amma na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Sande ya ce zai gwada yanko kusurwar ya ɗora a katako na tafi da ita. Mun duba, dakalin laka ne har ƙasa, ana taɓawa zai zube. Jirgin da makullin zan sa a akwati. Garuruwan a nan za su tsaya tare, har ranar da za a zo musu.

Yau na yi abu na ƙarshe. Na karya tsinken ashana gida biyu, na ɗauki rabi, na naɗa masa ƙyallen farar rigarka, na yi masa kai da laka. Kai ke nan, Malam, na tsayar da kai a ƙofar zauren babana. Kafin lakar ta bushe na sa farce a ƙarƙashin haɓarka na tura sama.

Babana ba ya nan, innata ba ta nan, babu surukin da za ka ji kunya. Ɗaga kai, Malam. Ga turke a hagunka, ga maƙera, ga rijiya can gabas. Wannan da ta rufe maka sama ita ce tsamiyarmu. Kana da kwana tara, ka kalla a tsanake, ina nan kusa idan akwai abin da kake son tambaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Ni ce matarka,
Hajara 'yar Gwiwa