Wadda Ta Juya Kawu Idi Gabas

Nassarawa, Kano, 1971

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya su Larai? Ina nan lafiya, tuƙin motar Alhaji ba wuya, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

An ce da labarin rasuwar Kawu Idi ya iske ki, kin tambaya ko ya wahala. Ya ɗan wahala, Inna. Da ciwon dajin ya ci ƙarfinsa asibiti suka sallamo shi, don masu amai da gudawa sun cika gadaje har baranda, allurar kashe zafi kuwa babu.

Wata nas 'yar Wusasa, Milka, Kirista, ita ke zuwa ɗakinsa na gadi kullum in ta tashi aiki. Ta goge masa jiki, ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Ranar ƙarshe ni kuka ya hana ni komai. Ita ta juya shi ya fuskanci gabas, ta ce, "Malam Hamisu, wannan ban iya ba. Matso ka tuna masa kalmar shahada."

Ya faɗa, Inna, da bakinsa.

Ki aiko mata da zuma mai kyau. Allah ya jiƙan Kawu.

Ɗanki,
Hamisu