Ƙusoshin da Na Sa wa Hannu

Talata, 14 ga wata, ƙarfe goma da kwata na safe, daga ɗakin gwaji.

Baba,

Ina gaishe ka da Umma. Yaya ƙafarta? Ni lafiya ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga.

Jiya uku daga cikin manyan ƙusoshi ɗari biyu da ke riƙe rufin sabon sito suka karye, ba wanda ya taɓa su. Kai mai walda ne, za ka gane. Idan aka wanke ƙarfe mai tauri da asid aka shafa masa tutiya, iskar haidurojin na shiga jikinsa. Sai an gasa shi cikin awa huɗu take fita, in ba haka ba ya yi kwanaki lafiya, sannan ya tsinke kamar gilashi. Lokacin da aka kawo ƙusoshin, takardar shaidar gasawa ba ta zo ba. Shugabana ya ce, "Malam Injiniya, ƙarfe ne fa, ba burodi ba." Na sa hannu, aka ɗaura su.

Yau na roƙe shi a fitar da ma'aikata daga siton, ya ce sai Alhamis. A taya ni da addu'a, kada Umma ta ji.

Ban sani ba ko an gasa sauran. Ban san wacce za ta bi ba. Ban san wa zai kasance a ƙarƙashi ba.

Ɗanka