Kwana Biyar ɗin da Ka Ba Surukarka

Melilla, 9 ga Mayu

Zuwa ga autana Mimun,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a Malaga, Allah ya tsare min kai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar kawunka Hammu da ta ƙi saɓewa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na shiga aji.

Abin da ya sa na ɗauki biro, bana takardar harajinka ba ta zo gidan nan ba. Sati uku ina leƙen mai kawo wasiƙu, har ya fara tsokanata wai ko saurayi nake jira. Sai yayarka Yamina ta faɗa min surukarka Lalla Zulija ce ta cike maka takardun, kuma inda aka ce a rubuta gida, nata na Malaga ta rubuta. Wai doka kwana take ƙirgawa, inda mutum ya fi rabin shekara nan ne gidansa. Wai har ragin harajin da ake yi wa mazauna wannan tsallaken teku ka rasa, alhali a tashar jirgin ruwanmu ka yi waldar da aka biya ka.

Ban yi musu ba, na sauko da kalandar kicin ta bara, don duk ranar da ka kwana a nan ina sa ɗigo. Sau uku na ƙirga. Kwana biyar kacal suka hana ka cikawa, kuma su ne waɗanda ka tsallaka ka yi jinyarta da aka yi mata aikin ido. Ba ƙyashi nake ba, Allah ya sani. Ita tsohuwar akawu ce, ta sha boko. Ni kuwa sunanka a bayan ambulan ɗin harajin nan shi ne abu na farko da na karanta ba mai taya ni. Wata tara na ɗauke ka, ba hukumar da ta ƙirga min.

Shekaranjiya na je asibiti a duba nawa idanun, ko za a dace a samu wani abu. Likita ya ce garau suke. Ban taɓa jin haushin lafiya ba sai ranar. To, ba ni da ciwon da zan riƙe ka da shi, sai roƙo, kuma mai nema ba ya fushi. Bana ka ƙara min kwana biyar, baɗi ka rubuta gidan uwarka da hannunka.

Ka gaida matarka Nayat da jikana Anir. Yamina da Hammu suna gaishe ka. Lalla Zulija ma ka gaishe ta, ka ce ina yi mata addu'a kada idon ya sake tashi.

Mahaifiyarka,
Tlaitmas