Zuciyata da Kokawar Hamza

Litinin, 4 Nuwamba

Mun dawo daga asibitin Dogon Dutsi, ni da matata Sahura. Lokotoro ya manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyata a takarda. Ya ce sunan ciwon fibrilasiyo: zuciya ta saki tsarinta ta yi ta bugawa yadda ta ga dama. Ya ba ni ƙwaya biyu, ɗaya ta rage mata gudu, ɗaya ta tsinka jini don kada ɓarin jiki ya shanye. Ya ce in riƙa rubuta ranar da abin ya taso da abin da nike yi. Shi ya sa na sayi kayen nan, littafin rubutu.

Ya tambaye ni mi ke tayar mini da hankali. Kafin in buɗe baki Sahura ta ce, "Kokawa, lokotoro. Ɗanshi ke yi, shi ke faɗuwa."

Har lokotoro ya yi dariya. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya bayana bai taɓa ƙasa ba a garinmu Dogon Kiriya!

Laraba, 6 Nuwamba

An hana ni goro da shayi. Bakina ya rasa aikin yi.

Asabar, 9 Nuwamba

Albishir! An zaɓi ɗana Hamza cikin mutum huɗu da za su wakilci garinmu a Dutsi. Wanda ya yi nasara can sai Doso. Da la'asar munka fita horo bakin tabki. Yaron akwai ƙarfi, amma ƙafar hagu yake bari a baya kamar ba tashi ba. Na yi ta ihu har muryata ta dushe.

Sai abin ya taso. Kamar kifi ne ke tsalle cikin ƙirjina, ga jiri, ga numfashi guntu-guntu. Na zauna kan turmin wani. Minti arba'in, Hamza ya duba a waya. Ya ɗauko ni a babur ya kawo ni gida.

Lahadi, 10 Nuwamba

Yayata ta aiko wai iska ce, a kira masu garaya. Na ce a gaishe ta, iskar da lokotoro ya gani a takarda na riga na san sunanta.

Alhamis, 14 Nuwamba

Gidaɗo ya zo gaisuwa da ƙwaryar nono. Bafillacen nan shi ne ya fara kayar da ni a duniya, shekara talatin ke nan, kuma har yau bai bar ni na manta ba. Ya ce, "Mani, ashe akwai mai kayar da kai ban da ni?" Na yi dariya har Sahura ta leƙo a tsorace. Ba abin da ya taso. In gaya wa lokotoro dariya ba ta cikin masu laifi.

Juma'a, 22 Nuwamba

Sahura ta ce ba za ni Dutsi ba. Na ce za ni. Munka daidaita: in zauna can baya, ban da ihu, Gidaɗo ya tsare ni. Ta sa ƙwayoyin cikin aljihun rigata ta ɗinke bakin da zare biyu, wai kada su zube a mota.

Lahadi, 24 Nuwamba

Bari in rubuta na jiya tun ban manta ba.

Fili ya cika, makaɗa sun zo har daga Matankari. Hamza ya kayar da na farko kafin mai kirari ya gama kirari. Na biyu ya ja lokaci, amma gwiwarshi ta taɓa ƙasa. Ban yi ihu ba, rigar Gidaɗo kawai na yaga wajen kafaɗa.

Karon ƙarshe da wani ƙato ne daga Dan Kasari. Suna riƙe juna abin ya taso mini, mai tsanani, idona ya yi duhu. Gidaɗo ya fitar da ni ya zaunar gindin dogon yaro. Ina jan numfashi a hankali yadda anka koya mini, sai fili ya ɗauki guɗa. Ban san wa ya faɗi ba. Wata mai fura ta hau kan bencinta ta leƙa ta ce, "Na Dogon Kiriya ne tsaye, baba!"

Na yi kuka. Gidaɗo ma ya yi, ko da yake ya ce zufa ce.

Zuciyar ba ta koma daidai ba sai bayan awa uku, a gadon asibiti. Lokotoro ya ƙara mini ƙwayar farko, ya ce in da ciwon ƙirji ko nauyin baki ko hannu, kada in jira ko minti ɗaya. Bai yi dariya ba wanga karo.

Talata, 26 Nuwamba

Gari ya tarye mu da ganguna. Mata sun cika gida, Sahura ta taka rawa da ludayi a hannu.

Da anka watse Hamza ya durƙusa gabana ya ce ba za shi Doso ba. Ya ce, "Baba, ana tsakiyar riƙo na waiga na ga wurinka ba kowa. Saura kaɗan in saki mutumin in fita. In kokawa ce za ta kashe ka, na bar ta."

Na kwana ina juya maganar.

Laraba, 27 Nuwamba

Na hau amalanke har rugar Gidaɗo. Na ce mishi ya karɓi horon yaron, ya kai shi Doso, ni ina gida. Ya ce, "Ka yarda na fi ka ke nan?" Na ce a kokawar tsufa dai ya fi ni.

Hamza ya yarda.

Asabar, 30 Nuwamba

Suna bakin tabki, ina jin muryar Gidaɗo daga nan. Na taimaki Sahura ɓarar gyaɗa. Ta ce hannuna ya fi bakina amfani.

Alhamis, 5 Disamba

Ya taso da hantsi, minti goma, da na ga motarsu ta tashi. Na zauna, na ja numfashi, ya wuce. Sahura ba ta ma sani ba sai da na gaya mata.

Asabar, 7 Disamba

Ranar Doso. Na ba Sahura wayata ta ɓoye cikin tukunya. Na wuni gyaran dangar garka. Ba komai.

Litinin, 9 Disamba

Sun dawo. Hamza ya kayar da biyu, na uku ya kayar da shi. Bai shiga cikin goman da za su nemi takobin kokawar ƙasa ba, amma an ce ya dawo baɗi.

Bayan azahar ya zo ya zauna kusa da ni, ya kunna mini faɗuwar tashi a waya. Mun kalla sau biyu. Ƙafar hagu ce, ko makaho ya gani. Ya sunkuyar da kai shina jiran faɗa, Sahura kuma ta tsaya bakin madafa tana kallona.

Na tambaye shi ko gaskiya ne shinkafar Doso ta fi tamu. Ya ɗago ya dube ni, sai ya fashe da dariya, ya yi ta ba ni labarin yadda Gidaɗo ya ɓace a tasha shina neman mai nono. Har la'asar muna nan. Rabon da mu zauna haka da shi, ban tuna ba.

Zancen ƙafar, bari Gidaɗo ya gaya mishi. Aikinshi ne yanzu.