Rasuwar Tridib Sengupta da Allon Tagullar da Ya Rage

Cikin alhini, gwargwadon abin da ya sawwaƙa, Ƙungiyar Nazarin Tarihin Sarakunan Bengal, reshen Mahipukur, ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya na Dindindin, Mai Girma Sri Tridib Ranjan Sengupta, Shugaban Kwamitin Bikin Durga abar bautarmu, mai injinan casar shinkafa, kuma jikan Sarakunan Sena da suka mulki Bengal a zamanin da, bisa shaidar bakinsa shi kaɗai.

Marigayin ya yi wa harshen Sanskrit hidima shekara da shekaru ba tare da ya wahalar da kansa wajen koyon harafi ɗaya ba. Bai taɓa fashin taronmu ba, musamman ranar da aka dafa kifin ilish, kuma da zarar an soma rera waƙoƙin fada yakan lumshe ido yana gyaɗa kai, har sai minshari ya tabbatar mana da zurfin nazarinsa.

Ba za mu manta da shekarar da masu yasar tafkin gidansa suka tono alluna biyu na tagulla ba, ɗauke da baitocin da wani mawaƙin fada ya tsara wa sarkinsa ƙarni takwas da suka shige. Mun roƙe shi ya bari mu kwafa tukuna. Ya ce kayan kakanninsa ba za su fito gaban baƙi da tsatsa kamar tukunyar matsiyata ba, ya sa aka dirje na farkon da tsamiya da toka da yashi, yadda ake wa kwanukan ɗakin bauta. Allon ya yi ƙyal-ƙyal. Sunan sarkin da na mawaƙin suka bi ruwan wanke-wanke zuwa kwata. Da muka nuna ɓacin rai, sai ya kulle na biyun a akwati, ya ce mun cika hassada.

Muna addu'ar Ubangiji ya ba maiɗakinsa, Srimati Chhabi Debi, da magajinsa, Sri Sougata, haƙurin jure wannan rashi. Sai dai labari ya iso mana cewa za a fito da allo na biyun a goge shi, domin a jingina shi kusa da hoton marigayi ranar sadakarsa, har ma an jiƙa tsamiya. Mun durƙusa gaban iyalin, gwiwa bibbiyu: ku bar shi da dauɗarsa. Marigayi ya yi shekara tamanin yana magana, duk mun saurara. Mawaƙin nan kuwa 'yan layukan nan kaɗai suka rage masa a duniya, kuma har yau ba wanda ya karanta su.

Sa hannu:
Pandit Achintya Kumar Bagchi
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya