Injin Tifa a Ruwan Gishiri

Manfuha, Riyad
Watan Rajab, 1975

Zuwa ga mai ɗakina Tabawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kamar yadda muke a nan. Yaya Inna da ciwon ƙafar? Yaya Hansai, amaryar ƙaninki Idrisu? Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, Idrisu ya yi ƙiba, shinkafa da kaza sun karɓe shi, wandon da ta ɗinka masa ma ya daina shiga.

Yau zan ba ki labarin da za ki ce shara ta nake yi. Jirgin ruwa ya zo garejinmu. A Riyad fa, garin da ko kududdufi babu! Kafilinmu Abu Mishal, wato wanda ya yi mana biza yake riƙe da fasfo ɗinmu, shi ya saye shi a Khubar, can bakin teku, a hannun wani Bature ma'aikacin mai da zai koma gida. Tsohon jirgi ne na kamun kifin nishaɗi. Akwai ɗaki a ciki, da wata kujera a baya inda mai hali yake harɗewa da fatsa, ba don yunwa ba. Injinansa biyu na dizal duk sun mutu murus. Maimakon a gyara a can, sai ya ce yana da bakanike nasa na kansa. Aka ɗora shi a tirela, aka keto sahara da shi har Sulai, unguwar da garejinmu yake, aka girke shi a kan katako tsakanin tifofi.

Da kin ga ƙaninki! Ya yar da sifana, ya dinga zagaya jirgin yana shafa cikinsa, har da sunsunawa. Tun da muka zo ƙasar nan ban ga haƙoransa a waje haka ba. Na ce masa Basarke dai Basarke ne, ko an kai shi wata zai nemi inda kifi yake.

To amma ki riƙe wannan a cikinki. Kin san sharaɗin Inna. Tun da ruwa ya ci Baba shekarar da aka tare kogi a Kainji, ta rantse ɗanta ba zai ƙara taka kwale-kwale ba. Ta ba ni shi ne kawai don na ce mata ƙasar nan rairayi ce zalla, kuma na yi mata alkawari da hannuna zan maido mata da shi Yawuri. Jirgin a tudu yake, ba abin da zai faru, amma tsohuwa ba za ta gane haka ba.

Ki gaya wa ƙanena Basiru na ji saƙonsa, ya daina sintiri a ƙofarki. Da zarar hanya ta samu zan yi masa maganar biza.

Ina kewarki ƙwarai. Ki gaida kowa.

Naki,
Lado

Manfuha, Riyad
Watan Azumi, 1975

Tabawa,

Barka da shan ruwa. Ina fata azumi bai wahalar da ke ba, kuma yara suna lafiya. A gaida Inna da kyau. Mu nan zafi ya yi zafi, ƙarfe ma sai da tsumma ake taɓa shi.

Maganar jirgin nan ta hana ni sakat. Na kwance tsofaffin injinan, ba abin ɗauka a cikinsu, tsatsa ta gama da su. Abu Mishal ya kai ni Murabba wurin wani ɗan Labanan mai sayar da injina. Mutumin ya baje mana hotuna, ya yi ta zuba. Wai injin teku ruwa biyu gare shi: ruwan daɗi yana zagayawa a cikinsa, ruwan gishiri kuma yana bi ta wani bututun jan ƙarfe daban yana sanyaya na farkon, ba sa taɓa haɗuwa. Wai in gishiri ya shiga cikin inji mai zafi, sai ya daskare ya toshe hanya. Na saurare shi, amma a raina na ce bakin ɗan kasuwa ne. Shekara nawa muka yi a Yelwa muna ɗora injin mota a jirgi, famfo yana jan ruwan kogi kai tsaye ya bi ta cikin inji ya fita ta baya? Wanne ne ya taɓa mutuwa a hannuna?

Matsalar ita ce babu injin a ƙasa, sai an yi oda. Tashar jiragen Dammam kuwa ta cushe, kowa a ƙasar nan gini yake yi, jiragen siminti sun yi layi a teku wata da watanni. Abu Mishal kuma ya riga ya gayyaci manyan abokansa yawon teku da sallah. Ya sa hannu a odar, muna fitowa ya juyo ya ce kafin su iso in nemo masa dabara, ai an ce 'yan Nijeriya ba abin da ba sa tayarwa. Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta fasa mini kai.

Akwai tifofi biyu sabbi fil da suka yi karo da juna a hanyar gini, kawunansu sun lotse amma injinan lafiya lau, iri ɗaya, rana ɗaya aka sauke su. Su na zaɓa. Na cire lagireto, na ɗaura wa kowanne famfo irin namu na gida. Na tambayi Idrisu, tunda shi ne ɗan ruwa, ya yi dariya ya ce ruwa ai ruwa ne, Yaya. Muka cika duro da ruwan tanka, muka zura tiyo, muka tayar. Tabawa, sun yi ta gurnani har muka gaji, ko ɗumi ba su yi ba. Duk garejin aka taru ana tafa mini.

Ki yi mana addu'a a kwanakin nan masu albarka.

Mijinki,
Lado

Manfuha, Riyad
Watan Zulhajji, 1975

Tabawa tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya sanyi? Na ji daɗin labarin cikin Hansai, Allah ya raba lafiya. Atamfofin da na ba alhazan garinmu, shuɗiyar taki ce, kada ki bari a yi miki wayo.

An kai jirgi teku da ƙaramar sallah, kuma ya yi abin kirki. Ni dai na sha kunya. Muna barin gaɓa cikina ya juya, na kwanta ina ta amai, ƙaninki yana tuƙi yana yi mini waƙa wai bakanike ya ga abin da sifana ba ta kwancewa. Ya ɗebo ruwan ya kurkure baki, ya tofar, ya ce wannan ko miya ba a yi da shi. Baƙin Abu Mishal suka kama wani kifi da ya fi giwan ruwa, suka yi hoto da shi, suka bar mana.

Ga abin da nake jinkirin faɗa miki. Abu Mishal ya ga yadda Idrisu yake sarrafa jirgi, ya ce a bar shi a Khubar ya zama mai kula da shi. Idrisu ya bi ni har bakin mota yana roƙo kada in hana. Ya ce watanni ke nan yana haɗiyar ƙurar gareji, bai taɓa jin shi mutum ne ba sai ranar. Da na ce a'a, da an bar mini shi, don Abu Mishal yana jin maganata yanzu. Ban ce ba. Na san kin yi fushi da kika karanta wannan, kuma kina da gaskiya. Ki ci gaba da ce wa Inna muna tare.

Jiya direbanmu ya dawo daga can da saƙonsa, wai injinan sun fara ɗaukar zafi, kuma wani farin abu yana taruwa a bakin bututu. Na aika masa sabon tiyo da bel, na ce ya rage gudu. Ina so in je da kaina, amma tifofi sun cika gareji, duk lokacin da na nemi izini sai a ce bukra, wato gobe. Goben ƙasar nan ba ta zuwa da wuri.

Ki shafa mini kan yara.

Naki har kullum,
Lado

Manfuha, Riyad
Watan Rabi'ul Awwal, 1976

Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Kada ki karanta wannan a tsakar gida. Ki shiga ɗaki, ki zauna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Idrisu ya ɓata a teku.

Ranar Juma'a ɗan Abu Mishal da abokansa suka sa shi ya fita da su. Sun yi nisa sosai sai inji ɗaya ya yi hayaƙi ya tsaya. Ai don haka ake sa inji biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya ya kawo ka gida. Amma nawa tagwaye ne, ruwa ɗaya suka sha, ciwo ɗaya ke cikinsu. Da aka matsa wa na biyun, bai jima ba shi ma ya bi ɗan'uwansa. Iska ta fara jan su, ruwan sha ya kusa ƙarewa, samarin suka rikice.

Da la'asar Idrisu ya hango hasumiyar haƙar mai, wutarta tana ci a sama. Ɗan Abu Mishal ya ce mini sun hana shi, har sun riƙe rigarsa. Ya yi musu dariya, ya ce da guntun Larabcinsa wannan ai kusa ne, a garinsu yara ma suna ƙetare wanda ya fi haka. Ya juye jarkar mai, ya toshe bakinta, ya kwanta a kanta yadda Sarkawa suke kwanciya a kan gora, ya ce su jira shi yanzu zai kawo taimako. Kin san haka muke yi a gida. In inji ya mutu, gwanin iyo ne yake faɗawa ya nemo mutane, kuma abin kunya ne a ce Basarke ya zauna ana kuka a jirginsa. Bai san a teku ido yana ƙarya ba. Ma'aikatan gaɓa sun ce ko jirgi mai inji sai ya ɗauki lokaci kafin ya kai hasumiyar nan.

Washegari masu tsaron gaɓa suka tsinci jirgin. Duk wanda ya zauna a ciki ya tsira, ko ƙwarzane babu.

An ba ni izini na je. Wannan karon ba wanda ya ce bukra. Na tsaya a gaɓa ina jira, don a kogi mun saba ruwa yana maido da wanda ya ɗauka, ko Baba ma an same shi an yi masa sutura. Wani tsohon masunci Balarabe ya ga ina ta zuwa, ya dafa ni ya ce in koma, wannan ruwan ba ya mayarwa. Jarkar kaɗai aka samu.

Na buɗe injinan da hannuna. Duk hanyoyin ruwa sun toshe da gishiri, fari fat, ya yi tauri sai da kurfi na fasa shi. Abin da ɗan Labanan ya faɗa ke nan, kalma da kalma. Ba wanda ya tuhume ni, Abu Mishal ma cewa ya yi ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma ni na ɗaura famfon nan.

Ban san yadda za ki gaya wa Inna ba. Ki ce mata ni na yi ƙarya, ke ba ki san komai ba.

Lado

Manfuha, Riyad
Watan Jimada Sani, 1976

Tabawa,

Gaisuwa, da fatan Allah ya ƙara miki haƙuri. Takardarki ta iso. Na karanta inda kika ce kin gaya wa Inna gaskiya, har da naki ɓoyon, kuma tun ranar ba ta ambaci sunana ba. Ban ga laifinta ba. Na ji Hansai ta sauka, an sa wa jaririn suna Idrisu. Allah ya raya shi.

Kin tambaye ni batun takabar Hansai. Na je wurin Malam Dalhatu, wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a nan. Ya ce tunda ba a ga gawa ba, kuma ba wanda ya ga nutsewarsa da ido, ba ni ke da ikon cewa ya rasu ba. Sai an kai wa alƙali a gida, kuma mai yiwuwa a ce ta jira shekaru. Ga ta nan ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Na nemi a ba ni fasfo in zo in durƙusa gaban Inna, Abu Mishal ya ce sai na gama aikin da ke gabana.

Aikin kuwa shi ne jirgin. An sake ɗoro shi a tirela, yana nan a Sulai inda yake da, takalman Idrisu suna ƙarƙashin kujerar tuƙi. Makon jiya injinan da aka yi oda suka iso cikin akwatunan katako. Na buɗe, na nemi bututun jan ƙarfen nan da ke raba ruwan daɗi da na gishiri. Na same shi, Tabawa. Bai fi tsawon hannuna ba. Na zauna a ƙasa riƙe da shi, na yi kukan da ban yi a bakin teku ba.

Zan ɗaura su yadda takardarsu ta ce, ba zan ƙara dabarata ko ɗaya ba.

Jiya Abu Mishal ya zo duba aiki, ya yaba. Da zai tafi ya ce jirgi zai buƙaci mai kula da shi, ko ina da wani ɗan'uwa a gida wanda ya san ruwa kamar Idrisu? Ya ce a wannan makon zai fitar masa da biza. Na ce masa ba ni da kowa.

In Basiru ya sake zuwa ƙofarki, ki ce masa babu aiki a nan. Ko ya yi fushi, ko ya ce na samu wuri na manta da shi, ki bar shi ya faɗa.

Ki gaida Hansai. Ki gaida Inna, ko ba za ta amsa ba.

Mijinki,
Lado